Shekarar da Aka Hana Ni Jibi

Briskila, Dauda, Hannatu, da ku jikokina da sai an karanta muku Hausa kafin ku fahimta, dominku na zauna rubuta wannan, saboda na gaji da jin labarina a bakin mutane an yi masa kwaskwarima. Ranar bikin Hannatu ina zaune a gaba, da kunnena na ji wani dattijo ya miƙe yana gaya wa baƙi wai ni ce matar nan da ta so a kashe mutum, daga baya Allah ya taɓa zuciyarta ta tuba ta janye maganarta. Aka yi ta tafi. Ku ukun kuna wurin, babu wanda ya gyara masa zance, Briskila har da share hawaye. To ban janye komai ba. Abin da na faɗa a ƙofar kotu shi nake faɗa yau da furfura a kaina, kuma ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda aka yi a gabanta, tun ina da ran da zan gyara.

Kun san daga wani ƙauye na ƙasar Zariya muka zo Libreville ni da babanku Ishaya. Hausawa ne mu gaba da baya, Kiristoci tun kakanni, abin da ya sa 'yan kasuwar Kano da muka tarar a nan suka daɗe suna kallonmu kamar an ce musu ga kaza mai haƙori. Daga baya suka saba, har babanku ya buɗe butik a unguwar Alibandeng, shagon shinkafa da mai da sabulu da burodi, mu kuma muna zaune a ɗakunan bayansa. Majami'armu 'yar ƙarama ce mai rufin kwano, mutanen Jos da Kaduna da Chadi da Kamaru, ana sujada da Hausa ana yayyafa Faransanci saboda yara. A nan muka san Markus. Direban taksi ne, mutumin wajenmu, shi ke kaɗa ganga wa mawaƙa. Da ya sauka garin nan ba shi da kowa, a tabarmarmu ya ci tuwo har ya tsaya da ƙafarsa, babanku ne ma ya yi ta zirga-zirga da shi wajen neman takardar zama. Daga baya ya ɗauko matarsa Laraba daga gida, kuma duk unguwa ta san yana dukanta.

Wata Asabar da rana, ina bayan shago ina tsintar shinkafa, Laraba ta faɗo mana a guje, ba ɗankwali, leɓe a fashe. Markus na biye da ita. Babanku ya tsaya a bakin ƙofa ya ce masa ya je ya huce, idan ya huce a zauna a yi magana. Markus ya juya ya tafi. Ku lura da wannan, domin a kansa duk rigimar ta tsaya. Ya taka da ƙafarsa har gidansa, ya wuce famfon unguwa, ya wuce masu gyaran mota, an ce har ya amsa gaisuwar wani a hanya. Ya shiga ɗaki ya ɗauko adda, ya sake takowa duk wannan tafiyar ya dawo. Ba ɓacin ran minti ɗaya ba ne, ba tsautsayi ba ne. Ina tsaye da faifai a hannuna ya sari babanku. Babanku ya cika a cikin taksin maƙwabci kafin mu kai asibiti, kansa a cinyata.

Shari'a ta ja lokaci, ana yi da Faransanci, wani yana juya mini abin da ya ga dama. A ƙarshe aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Lauyan da ya tsaya mana ya bayyana mini cewa wannan shi ne iyakar abin da doka ta tanada, domin Gabon ta daina hukuncin kisa. Muna fitowa, matan zumuntar majami'armu sun kewaye ni, ɗaya ta dafa ni ta ce in gode wa Allah an yi adalci. Na ce ba a yi ba. Na ce da a hannuna ne, rataye shi za a yi. Ban ɗaga murya ba, ban yi kuka ba, na faɗa ne kamar yadda mutum zai ce yau Laraba ce. Kafin Lahadi maganar ta riga ni isa majami'a.

Ga al'adarmu, don jikokin da ba su san ta ba. Lahadin farko ta kowane wata ake cin jibin Ubangiji, a zaga da gurasa da ƙoƙo kowa ya ɗauka. Wanda yake ƙarƙashin horo, wato wanda dattawa suka samu da laifin da bai tuba ba, ba ya ci. Akwai benci a can baya kusa da ƙofa inda irinsu suke zama, mai raba gurasa ya zo daidai wurin ya juya. Tun da aka yi mini baftisma ina budurwa ban taɓa zama a irin wannan bencin ba, ni ce ma nake gasa gurasar. Fastonmu na lokacin, Fasto Bitrus, saurayi ne mai kirki, shi ya binne babanku yana kuka, ba zan ci namansa ba. Amma yana da irin taurin kan masu sabon ilimi. Ya zo gidana da dattawa biyu, suka sha ruwa, suka yi addu'a, sannan ya gyara murya.

"Mama, an ce kin ce a rataye Markus."

"Ba a yi mini ƙarya ba."

"Zafin rashi ne, mun gane. Ranar Lahadi ki miƙe ki ce ba haka zuciyarki take ba, shi ke nan an wuce wurin."

"Fasto, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka zuciyata take."

Ya yi mini wa'azi mai tsawo, kuma zan faɗi hujjojinsa yadda ya kawo su don kada a ce na rage. Ya ce rai na Allah ne, shi kaɗai ke da ikon karɓa. Ya ce wanda aka kashe an rufe masa ƙofar tuba. Ya ce kotu takan yi kuskure, kuma Ubangijinmu kansa kotu ce ta yanke masa kisa ba da laifi ba, saboda haka bai ga yadda mai binsa zai tsaya a gefen masu rataya ba. Na saurara har ya gama. Na ce masa batun kuskure a ajiye shi gefe, domin ni ba labari aka ba ni ba, jinin a zanena ya bushe. Na ce batun tuba kuwa, ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji ya tuba, an karɓe shi, amma ban ji inda aka ce an sauko da shi ya koma gida ba. Na tambaye shi, idan babu laifin da ya kai mutuwa, me ya kai Ubangiji kan gicciye tun farko?

"Ai shi ya sa, Mama. Ya riga ya ɗauki hukuncin a madadinmu duka, har da Markus."

"To a buɗe masa ƙofa mana ya koma tuƙin taksi. Me yake yi a kurkuku tunda an ɗauke masa?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana rawa. Fasto bai yi dariya ba. Ya ce ba wai yana hana hukunci ba ne, kisa ne kawai ba na Kirista ba. Na ce ya nuna mini wanda ya ja wannan layin, da inda ya ja shi. Na kuma gaya masa ban ɗauki adda na nufi kowa ba, ban biya wani ya yi ba, ban hana Markus aljanna ba, in Allah ya ba shi ya shiga. An ce mini an yi adalci, ni kuma na faɗi abin da na ga ya dace da mutumin da ya je gida ya dawo. Suka tashi. Lahadin da ta biyo aka sanar cewa Rifkatu matar marigayi Ishaya tana ƙarƙashin horo har sai ta saki ƙiyayya, na ɗauki jakata na koma bencin baya, kusa da wani da ya yi wa 'yar mutane ciki.

Abin da ya fi ci mini rai a watannin nan ba bencin ba ne, yadda kowa ya zama likitan zuciyata ne. Mata su zo da ayaba da kifi, su zauna su yi ta gaya mini abin da nake ji. Wannan ta ce fushi ne, zai wuce. Waccan ta ce Shaiɗan ne ya samu ƙofa. Wata da mijinta ke gida yana minshari ta ce ita da ita ce da tuni ta yafe. Ke kuma Briskila, kina shekarar ƙarshe a lise, wato sakandare, a lokacin, kanki cike da muhawarar makaranta, kika tsaya mini a tsakar gida da hannu a ƙugu.

"Mama, kashe shi ba zai dawo da Baba ba."

"Ɗaurin ma bai dawo da shi ba, ban ji kin ce a sake shi ba."

"Ƙasashen da suka waye duk sun daina. Kina ba ni kunya a majami'a."

Daga ranar kika daina tafiya tare da ni, kika riƙa zama a gaba cikin mawaƙa, ko waiwaye ba kya yi. Ba don in tona miki asiri na rubuta ba, yarinya ce ke, kuma ubanki kika rasa. Na rubuta ne don ki san na ji ciwon, domin a lokacin ban nuna ba. Mutum ɗaya ce ba ta yi mini fassarar zuciyata ba, Hajiya Tabawa maƙwabciyarmu, Bakanuwa mai sayar da atamfa, wadda ta kwana a ɗakina duk kwanakin makoki. Ita ta gaya mini cewa a addininsu magadan wanda aka kashe ake ba zaɓi, ko su nemi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yi afuwa. Ta ce afuwar ta fi lada nesa ba kusa ba, amma ba a matsa wa mutum, domin wanda ba shi da ikon cewa a'a, i ɗinsa ba shi da nauyi.

"Ki zo mu ba ki hijabi kawai, Rifkatu, ki huta da bencin nan."

"Riƙe hijabinki, Hajiya. Gidan ubana ne, ba inda za ni. Su za su gaji."

Ana nan sai na ji abin da ya kusa fasa mini kai. Ashe Markus ya tuba a kurkuku, ya yi kuka a gaban Fasto, kuma duk wata Fasto yana ɗaukar gurasa da ƙoƙo ya kai masa har can. Ku tsaya ku auna. Wanda ya sare mutum da adda yana ci, matar wanda aka sare tana bencin baya tana kallon ƙeyar mutane. Shi ya ce ya yi nadama an karɓa, ni na ƙi yin ƙarya an kore ni. Ban ce kada a ba shi ba, ko a lokacin ban ce ba, teburin ba nawa ba ne. Amma na yi kwanaki ina wanke kwanon da na riga na wanke saboda in sami abin da zan murza.

Sai batun abinci ya taso. Kowa ya san wanda ba shi da mai kai masa abinci a gidan yari, a jikinsa ake gani. Laraba ta kwashe 'ya'yanta ta koma Najeriya, Markus ba shi da kowa, saboda haka zumuntar mata ta ɗauki nauyin kai masa kwano duk Asabar, gida-gida ake bi yadda muke jere a unguwa. Haka muke yi wa kowane namu da ya shiga asibiti ko hannun hukuma, kuma ban taɓa fashi ba. Na lura an zo gidan da ke hannun damana, mako na gaba sai ga kwano ya fita daga gidan da ke hagu. Na yafa gyale na tafi wurin uwar zumunta, Mama Damaris.

"Wa ya ce a tsallake ni?"

"Haba Maman Briskila, mun ga bai kamata a ɗora miki ba."

"Horon da aka yi mini na jibi ne ko na murhu?"

Ta yi ta kame-kame, tana kallon ƙasa. Da na matsa sai ta ce wasu suna ganin, tunda na faɗi abin da na faɗa, kada a ba ni hanyar abin da zai shiga cikinsa. Wato guba. Matan da muka yi shekaru muna daka tare, na karɓi haihuwar wasunsu, sun zauna sun yanke cewa wadda ta ce alƙali ya rataye mutum za ta iya zuba masa maganin ɓera a miya. A wurinsu duk abu ɗaya ne. Na ce mata Asabar mai zuwa tawa ce, wadda ta isa ta zo ta hana.

Na tuƙa tuwon masara, na kaɗa miyar kuka da busasshen kifi da daddawar da Hajiya ta ba ni cikin wadda aka kawo mata daga Kano. Ban yi don ƙauna ba, kada wani ya ƙara mini wannan. Na yi ne don layina ne, kuma don hukuncin da na ce ya dace da shi igiya ce a hannun hukuma, ba yunwa a hannun matan unguwa ba. Na hau taksi na je na bi layin masu ziyara. Abin da ban sani ba, domin ban taɓa kai kwano gidan yari da kaina ba, shi ne ba a shigar da abinci sai wanda ya kawo ya ci a gaban mai gadi. Ya buɗe kwanon, ya jujjuya tuwon da cokali, ya turo mini. Na gutsura na dangwali miya na haɗiye yana kallon maƙogwarona. Ina taunawa abin ya zo mini, har na kusa yin dariya don haushi: an hana ni cin gurasa ɗaya da mutumin nan, ga shi doka ta sa na ci kwano ɗaya da shi.

Aka fito da Markus. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Da ya ga ni ce sai ya durƙushe a ƙasa. Na tura masa kwanon. Ya buɗe, ƙamshin daddawa ya bugi hancinsa, ya san miyar, domin ita ya sha a tabarmarmu lokacin da ba shi da ko takalmi. Ya yi kuka har mai gadi ya leƙo.

"Mama, kin yafe mini?"

"Ban zo da wannan ba. Da alƙali zai tambaye ni yau, rataya zan ce."

"Gaskiya ne, Mama. Ni ma ita zan ce."

"To ci kafin ya huce."

Ya ci yana sharɓe. Da ya kusa gamawa ya tambaye ni ko har yanzu ni ke gasa gurasar jibi, wai wadda Fasto ke kawowa ba ta yi kamar ta da ba. Na ce masa an sallame ni daga wannan aikin, na gaya masa dalili a taƙaice, ba don neman tausayi ba, tambaya ya yi na amsa. Na karɓi kwanona na fito.

Bayan Lahadin farko ta watan da ya biyo, sai ga Fasto Bitrus a ƙofata shi kaɗai, ba dattawa, da 'yar jakar da yake zuba kayan jibi. Ya zauna ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce ya je kurkuku, Markus ya ƙi karɓa. Wai ya ce Mama ta ce ya cancanci mutuwa, shi ma abin da yake gaya wa Allah ke nan kullum, saboda haka idan faɗin wannan ke hana mutum jibi, a haɗa su biyun a hana. Fasto ya ce ya yi masa bayani har ya gaji, mutumin ya kafe.

"Mama, ban canza ra'ayina ba. Har gobe ina ganin Kirista bai kamata ya nemi a kashe kowa ba."

"Ni ma ban canza nawa ba."

"Na sani. Amma ban san yadda zan ba wanda ya ce a rataye ni, in hana wadda ta ce a rataye shi ba."

Wata na gaba aka ɗage horon. Ba a ce in miƙe ba, ban kuma miƙe ba. Mai raba gurasa ya zo ya tsaya a gabana, na ɗauka. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, domin na yi kewar teburin nan fiye da yadda na bari kowa ya gani. Amma a cikin kukan akwai takaici, kuma har yau yana nan: duk ikkilisiyar nan, da masu karatu da masu furfura, an rasa wanda zai tsaya mini sai mutumin da ya kashe mijina. Mutane suka ga hawaye suka ce ta tuba. Daga nan labarin da kuka ji a bikin Hannatu ya samo asali.

Briskila, kin sha tambayata yadda nake haɗa biyun, in ce mutum ya cancanci igiya in kuma tuƙa masa tuwo. Ni ban taɓa jin suna faɗa a cikina ba, ku ne kuke jin hayaniyar. Ko na yafe masa, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma ba a taron biki za a sanar ba. Wataƙila Fasto ne da gaskiya, in na je can zan ji. Abin da na roƙe ku biyu ne. Ranar jana'izata kada ku bar kowa ya miƙe ya ce na janye, ko fasto ne ku ja masa riga. Na biyu, matan zumunta na da duk sun mutu ko sun koma gida, na yanzu ba su san Markus ba, shekara da shekaru ni kaɗai nake kai masa abinci, kuma gwiwata ta fara ƙin hawa taksi. Kwanon yana nan a kan kabad, mai murfi shuɗi. Wanda zai kai a cikinku ya je da shirin ci a gaban mai gadi, kuma a rage gishiri, hawan jini gare shi.